Yaron da Ke Gudun Littafi, da Mawallafin da Ke Iya Tsare Shi

Sau da yawa mukan ji iyaye da malamai suna kuka da yaro, suna cewa wane ba ya son karatu, da an miƙa masa littafi sai hamma, alhali kuwa yaron nan da ake tuhuma shi ne wanda, in ana tatsuniya a tsakar gida, sai an yi da gaske kafin ya tashi ya kwanta. Mai irin wannan shauƙi na jin labari bai cancanci a kira shi maƙiyin karatu ba. Abin da ya same shi kurum, bai gamu da mawallafin da ya san hanyar zuciyarsa ba tukuna, kuma a ganina laifin ya fi rataya a wuyanmu mu manya, masu rubutawa da masu saye.

Hujjata ta farko tana Zariya. A shekarar 1933 Dakta Rupert East ya sa gasar ƙaga labarai da Hausa, wadda a cikinta wani saurayi malamin Midil ta Katsina, Abubakar Imam, ya fito da Ruwan Bagaja. Bayan haka aka kira shi Zariya ya wallafa Magana Jari Ce, littafi uku, wanda aka soma bugawa a 1937 domin 'yan makaranta. Duk wanda ya yi nazarin littafi na farko da idon basira zai ga cewa dabarar marubucin tana cikin tsarin labarin kansa: sarki ya tafi yaƙi, waziri ya ƙulla makirci, ɗan sarki Musa yana ta ɗokin fita daga fada, aku kuwa ba shi da takobi ba shi da sarƙa, sai hikaya, da ita yake tsare shi dare bayan dare har gari ya waye. To, ɗan makarantar da idonsa ke kan ƙofa, shi ma Musa ne, kuma abin da aku ya yi wa ɗan sarki shi Imam ya yi masa. Labaran gajeru ne, kowanne yana ƙarewa kafin ƙosawa ta zo. Akwai wawa, akwai ɓarawo, akwai mai wayon da wayonsa ya ci shi. Kuma ko da yake ya ɗebo da yawa daga Alfu Laila da hikayoyin Indiya da na Jamus, ya sa musu riga da rawani har yaro ya ɗauka a garinsu aka yi. Nasiha tana nan, ba a rasa ta ba, amma takan iso ne bayan dariya ta riga ta buɗe mata ƙofa.

Wannan sirri bai tsaya ga harshe ɗaya ba. A Amurka akwai Dav Pilkey, wanda tun yana ƙarami karatu ke yi masa wuya saboda lalurar da ke rikita wa mutum haruffa, har malamai suka riƙa fitar da shi daga aji, a can waje ya soma zana labaran ban dariya. A 1997 ya fitar da Captain Underpants, yaran da aka fid da rai da su suka yi ta rububinsa, manya kuwa suka yi ta kai ƙara, har ya zama littafin da aka fi neman a cire daga ɗakunan karatu na ƙasar a 2012 da 2013. Ban ce a fassara mana shi ba, gama barkwancinsa bai dace da tarbiyyarmu ba. Abin lura shi ne, mutumin da ya ɗanɗana ɗacin aji ya san inda ke yi wa yaro ƙaiƙayi: shafi mai hoto, jimla gajera, da jarumi mai ƙiriniya kamar mai karantawa.

Na san za a ce, ai littafin yara amfaninsa gyaran hali, in an bar su da ban dariya yaushe za su natsu? Wannan magana tana da nauyi, ba na raina ta. Amma a dubi yawancin abin da ake rubuta wa yara yau: ga yaro nagari wanda bai taɓa saɓo ba, ga lalatacce wanda tun shafin farko an san ƙarshensa nadama, wa'azi tsagwaronsa da aka laƙaba wa sunan labari, wanda yaro mai kaifin hankali yakan gane shi nan take ya ajiye. Magabatanmu ba haka suka yi ba. Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u, da suka ga jama'a ba za su iya muɗala'ar manyan littattafan Larabci ba, sai suka zuba ilmin cikin waƙe da harsunan mutane, domin sun san cewa ilmin da bai shiga kunne da daɗi ba bai cika zama a zuci ba. Haka kuma, kome mutum zai faɗa game da littattafan soyayya na Kano, ba ya musun cewa tun wajen 1985 sun sa dubban 'yan mata karatun da makaranta ta kasa sa su.

Saboda haka ina roƙon marubutanmu, waɗanda suka raja'a ga manya, su waiwayi ɗan shekara takwas da goma, kamar yadda Umaru Dembo ya yi a 1969 da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya. Masu ɗab'i su biya mai zane haƙƙinsa, su sassauta farashi. Ku kuma iyaye, in kun ga littafin da ya sa ɗanku ƙyalƙyala, matuƙar babu alfasha a ciki, ku saya masa, ku bar shi ya karanta abinsa, kada ku yi masa jarrabawa a kai.