Tiyatar Hanta Ta Ƙananan Huda: Jarin Da Ya Dace A Zuba

Tun farkon shekarun 1990 likitoci suka fara yanke ɓangaren hanta ba tare da tsaga ciki ba. Ƙananan huda ake yi, a zura kyamara da kayan aiki. A 2008 taron masana a Louisville ta Amurka ya amince da hanyar wajen cire ƙarin da bai wuce santimita 5 ba.

Haƙiƙa na'urorin suna da tsada, amma zubar jini kaɗan ne, kuma majiyyaci kan bar asibiti da wuri, wani ya samu gado. Ganin yadda ciwon hanta nau'in B, mai jawo sankarar hanta, ya yawaita a Nijeriya, ya kamata attajiranmu su zuba jari a na'urorin da horar da likitoci, maimakon kwasar kuɗin ƙetare zuwa Indiya da Masar.