Daga teburin jirgin ruwa zuwa mahaɗar Dassa: wa ke yanke wa matafiyi lokacin cin abincinsa?

A 'yan shekarun nan, jiragen ruwa masu ɗauke da 'yan yawon buɗe ido sukan tsaya a tashar Kwatano lokaci-lokaci. A sauke baƙi da safe, a kai su Ganvié ko Ouidah ko Porto-Novo, kafin magariba an mayar da su jirgi. Gwamnati ta ɗauki harkar yawon buɗe ido da muhimmanci, musamman tun bayan da Faransa ta dawo da kayan tarihi 26 na masarautar Abomey a watan Nuwamban 2021, aka kuma fara bikin Vodun Days a Ouidah a watan Janairun 2024. Mu da ke Parakou da Djougou, teku ta yi mana nisa, kuma mafi yawanmu ba za mu taɓa taka irin waɗannan jirage ba. Amma akwai abu guda a cikinsu da ya shafe mu kai tsaye: yadda suke ciyar da dubban mutane a kan hanya, kowa a lokacin da ya ga dama.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake. A da, tsarin ɗaya ne a kusan dukkan jiragen. Abincin dare zama biyu ne, na farko wajen ƙarfe shida, na biyu wajen takwas da rabi. Tun kafin ka hau an rubuta maka zamanka da teburinka, har da mutanen da za ka ci tare da su har tafiyar ta ƙare. Ka makara, ka rasa. A shekarar 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya karya wannan al'ada da tsarin da ya kira Freestyle Cruising, wato ka ci a inda kake so, a sa'ar da kake so, da wanda kake so. Sauran kamfanoni suka bi sahu, kamar Royal Caribbean da nasa tsarin My Time Dining. Yau babban jirgi irin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami ta Amurka a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Gari guda ke nan a kan ruwa, kuma kowa sai ya ci sau uku a rana.

To, ta yaya ake barin mutum dubu bakwai su ci yadda suke so ba tare da tukunya ta ƙare ko abinci ya lalace ba? Amsar ita ce ana tambayarsu tun da wuri. Da aka saki lokaci, sai aka ga kusan kowa yana son sa'a ɗaya, layi ya yi tsawo a ƙofar ɗakin cin abinci. Sai kamfanonin suka koma ga kama gurbi: ka shiga manhajar waya, ka zaɓi sa'a da wuri, wani lokaci tun kana gida. Mai ciwon sukari, da wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, da mai neman abincin halal, ana so su sanar makonni kafin ranar tashi, don a sayo kayan da suka dace kafin jirgi ya bar tasha. Ko a jirgin sama haka ne: wanda ya taɓa tashi daga Kwatano ya san ana iya neman abincin Musulmi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Saudiyya ma ta shiga wannan kasuwa da jirgin AROYA, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, abincinsa halal, ba giya.

Kun ga ashe 'yancin da ake tallatawa a kan lissafi ya tsaya. Mai dafa abinci ya san mutum nawa ne, ƙarfe nawa za su zo, me za su ci. Wannan sanin shi ne ke ba fasinja zaɓi, shi ne kuma ke rage asara.

Yanzu mu dawo gida. Namu jirgin shi ne babbar motar safa da ke tashi daga Kwatano zuwa arewa. Daga Kwatano zuwa Parakou sama da kilomita 400 ne. Mota ta bi ta Bohicon ta isa Dassa, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta bi Savè da Tchaourou zuwa Parakou, har Kandi da Malanville; ɗayar ta bi Savalou, Bantè da Bassila zuwa Djougou da Natitingou. Jirgin ƙasan da ya taɓa haɗa Kwatano da Parakou ya daɗe da daina ɗaukar fasinja, saboda haka kowa a kan kwalta yake: ɗan kasuwa, ɗalibin jami'ar Parakou, majinyacin da aka tura babban asibiti a kudu, maniyyacin da zai je a yi masa takardu. Tafiyar takan ci awa bakwai ko takwas, wani sa'in fiye.

A tsawon waɗannan awowi, wa ke yanke lokacin cin abinci? Direba. Shi ya san inda zai tsaya da mintocin da zai bayar. Mota na tsayawa, mutum hamsin ko sittin su sauko a lokaci guda, ga neman makewayi, ga neman ruwan alwala, ga layin mai abinci. Kafin ka idar da raka'a biyu an fara danna oda. Sai ka zaɓa: ko salla ko abinci. Dattawa da mata masu goyo su suka fi shan wannan wahala, don ba su iya gudun rige-rige. Sau da yawa na ga tsohuwa ta koma kujerarta da biredi busasshe da ruwan leda, alhali kuɗin sakwara da miya suna ɗaure a bakin zanenta.

Mu Musulmi muna da ƙarin damuwa. A ƙidayar 2013, Musulmi kashi 27.7 cikin 100 ne na mutanen Benin, kuma yawancinmu a arewa muke. A Djougou ko unguwar Zongo ta Parakou ba wanda ke tambayar wa ya yanka naman da ke cikin miya. Amma daga Dassa zuwa kudu, tambayar tana zuwa a zuciya. Ba zargin kowa nake yi ba. Maƙwabtanmu suna dafa abin da addininsu da al'adarsu suka halatta musu, kuma haƙƙinsu ne. Sai dai matafiyin da ke da minti goma sha biyar ba shi da lokacin bincike. Shi ya sa za ka ga mutanenmu sun taru a kan mai tsire ɗaya, wanda a nan ake kira cacanga, don sun ji yana Hausa ko Dendi, ko kuma su haƙura da ayaba da gyaɗa har su isa.

Azumi kuwa shi ne ya fi fito da matsalar fili. Gaskiya ne shari'a ta yi wa matafiyi rangwame, zai iya ajiye azumi ya rama, zai iya yin ƙasaru. Amma da yawa sun fi son su ci gaba da azuminsu, musamman direbobi da 'yan kasuwar da rabin watan a hanya suke yinsa. Buɗa-baki ba irin abincin jirgin ruwa ba ne da za a ce wani ya ci ƙarfe shida, wani ƙarfe tara. Minti ɗaya ne ga kowa. Sai dai wannan mintin sananne ne: a ƙasar nan rana tana faɗuwa tsakanin wajen shida da rabi zuwa bakwai da 'yan mintoci, duk shekara. Kamfanin da ya san ƙarfe nawa motarsa ta tashi, ya san kusan garin da magariba za ta riske ta. Babu wani abu mai wuyar lissafi a nan.

Kada a ce wannan baƙon tunani ne daga Turawa. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 19 ta nan suka ratsa: Nikki, Parakou, da Djougou wadda suke kira Zugu, kafin su nufi Salaga. Ayari na iya kai ɗaruruwan mutane da jakuna. Madugu ba ya faɗa wa gari haka kawai. Jagaba ke yin gaba, ya duba zango da ruwa, labari ya isa ga masu masauki cewa baƙi na tafe. Kafin a sauke kaya, matan gari sun fito da fura da tuwo da dawa, don sun san ayari zai kwana. Unguwar Wangara ta Djougou da zangunan da muke zaune a cikinsu yau daga wannan hidima ta saukar baƙi suka girma. Kama gurbi ke nan, tun ba a san waya ba.

Ko a makarantunmu ana yin irin wannan lissafi kullum. Tun da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan makaranta a 2017 tare da Hukumar Abinci ta Duniya, a makarantun da ke da kantin ana ƙirga yaran da suka zo da safe, sannan a auna wa masu dafuwa shinkafa ko masara, da wake da mai, daidai da adadin. Ni malami ne, na san yadda takardar kiran suna ke zama mudun awo. In har makarantar ƙauye za ta iya wannan kafin ƙarfe tara, ban ga abin da zai hana kamfanin mota ba.

Kayan aikin ma suna hannu. Kamfanoni irin su Baobab Express sun riga sun saba da sayar da tikiti ta waya, ana biya ta MoMo ko Moov Money ko Celtiis Cash. Ana karɓar sunanka da lambarka da lambar kujerarka. Abin da ya rage tambaya biyu ce ko uku: za ka ci a hanya? Me kake so, atasi da kifi, sakwara da wagashi, wasa-wasa, ko tubani? Kana azumi? Yaron mota ya tura adadin ga masu abinci a wurin tsayawa awa guda kafin isowa. Mota na tsayawa, an riga an zuba. Mintocin da ake ɓatawa a layi su koma na alwala da salla. A tikitin kuma a rubuta garin da za a tsaya da tsawon tsayuwar, don mai shan magani a kan lokaci ya san yadda zai shirya. Mai abincin ita ma ta huta da caca: yau ta dafa da yawa mota ta wuce ba ta tsaya ba, gobe ta dafa kaɗan motoci uku su sauka a kanta.

Amma fa akwai inda nake jin tsoro, kuma a kan jiragen ruwan ne na ga alamarsa. Da aka kawo zaɓi, sai aka kawo farashi tare da shi. Wuraren cin abinci na musamman ana biyansu daban, kuma sa'o'in da kowa ke so sukan tafi ga masu manyan ɗakuna ko waɗanda suka riga kama gurbi. Idan aka kwaso wannan yadda yake, ga abin da zai faru a hanyarmu: kamfani zai ƙulla yarjejeniya da gidan abinci guda mai katanga da ƙofa, ya shigar da motarsa ciki, ya karɓi kasonsa a kan kowane faranti. Matan da ke tallar doya soyayya da gari da ƙwai a bakin titi, waɗanda da cinikin motocin nan suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, za a bar su a waje suna leƙe. Ba mu manta da rusau na farkon 2017 ba, lokacin da aka share rumfunan bakin titi a manyan biranen ƙasar, har da Parakou. Masu ƙaramin jari ne suka fi jin jiki. Ga kuma rufe gadar Malanville da Gaya tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wanda ya rage manyan motocin da ke ciyar da garuruwan kan wannan hanya. Waɗannan mata ba za su iya ɗaukar wani sabon duka ba.

Saboda haka, in za a yi, a yi da su. Matan kowace tasha su haɗa ƙungiya, kamar yadda suka saba da adashi, su karɓi oda a madadin kowa, su raba a tsakaninsu. Magajin gari ya ware fili mai ruwa da makewayi da wurin salla, jami'an tsafta su riƙa dubawa. Mahautanmu Hausawa da ke kusan kowace kasuwa ta tsakiyar ƙasar nan su samar da nama, a san inda ya fito. Wanda kuma ba shi da babbar waya, ko bai iya karatun Faransanci ba, a tambaye shi da baki a wurin yankan tikiti. Wanda ya zo da guzurinsa daga gida, kada a matsa masa sai ya saya.

Mu fasinjoji ma da namu aikin. Mun saba da yin shiru, mu yi gunaguni a cikin mota, mu sauka mu manta. Kamfanonin nan suna gasa da juna a kan hanya ɗaya, kuma mutanen arewa su ne cinikinsu. Idan limamai da shugabannin Zongo da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Parakou da Djougou suka zauna da su kafin azumi mai zuwa, suka nemi abu biyu kacal, tsayuwar buɗa-baki da rubuta wuraren tsayawa a kan tikiti, ina da yaƙinin wanda ya fara amsawa zai ga motarsa ta cika kafin ta sauran. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka ko kuɗin gwamnati. A fara da wata ɗaya da hanya ɗaya, a ga abin da zai haifar.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya sa albarka a cinikin masu ciyar da su.