Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Wata sabuwar sha'awa ta shigo mana jami'a ta cikin wayar hannu, kuma ina ganin ya kamata a tanka mata tun ba ta yi jijiya ba. Sai ka tarar da samari da 'yan mata sun haɗa kai a gindin bishiya suna kallon hotunan 'ya'yan Turawa, kowa da ƙatuwar jaka goye a baya, suna tsalle-tsalle a bakin tekun wani tsibiri mai farin rairayi da bishiyoyin kwakwa. Sai ka ji wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, waɗannan su suka san duniya." Wani ma har ya ɗora da karin maganar nan ta tafiya mabuɗin ilmi. To, ni a nan muka raba gari, domin an ɗauko karin magana mai daraja an jingina ta ga abin da bai cancance ta ba.

Ga wanda bai san al'adar ba, ga yadda take. Yaro ya gama makarantar sakandare ko jami'a a Ingila ko Jamus ko Ostireliya, sai ya haɗu da abokai biyu ko uku, su zuba tsummokaransu a jaka su goya, su nufi ƙasashe masu zafi, watau irin su Tailan da Indunusiya da Filifin da Zanzibar. Ba sa sauka a manyan otal. Masaukinsu ɗaki ne na haɗaka a bakin teku, mai gadaje hawa biyu kamar ɗakunan kwananmu na nan jami'a, mutum takwas ko goma a ɗaki guda, kuɗin kwana kaɗan. Su yi kwana uku a wannan tsibiri, su hau kwalekwale su haye wancan. Abin da suke tinƙaho da shi kuwa shi ne wai su matafiya ne na gaskiya, masu tawali'u, ba irin attajiran nan masu kwana a otal ba. Wannan da'awa ita nake so mu ɗora a sikeli.

Al'adar tana da tarihi. A shekarun 1960 da 1970 samarin Turai kan bi ta ƙasa daga Turkiyya zuwa Iran da Afganistan har Indiya da Nefal. Juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyat Afganistan a 1979 suka toshe wannan hanya, sai ayarin ya karkata gabas. Dama a 1975 wasu mata da miji, Tony da Maureen Wheeler, masu kamfanin Lonely Planet, sun buga littafin jagora na yadda za a zaga kudu maso gabashin Asiya da 'yan kuɗi kaɗan. Daga nan duk ƙauyen masuntan da sunansa ya shiga littafi, to ya shiga uku, domin kowane mai goyon jaka da ke neman wurin da ba kowa, littafi guda yake karantawa da dubban 'yan'uwansa.

Mu ɗauki gaɓar Maya, a tsibiran Fi Fi na ƙasar Tailan. A 1996 wani ɗan Ingila mai suna Alex Garland ya rubuta ƙagaggen labari, The Beach, a kan wasu masu goyon jaka da suka gano ɓoyayyiyar gaɓar teku. A shekarar 2000 aka fitar da fim ɗinsa, Leonardo DiCaprio ne tauraro, kuma a gaɓar Maya aka ɗauke shi. Abin dariya, kyan da Allah ya yi wa wurin bai ishi masu fim ba, sai da suka kawo mota ta baje tudun rairayi, suka dasa bishiyoyin kwakwa don ya yi kama da aljannar da ke cikin kansu. Bayan fim ya fita duniya ta yi caa. Aka kai matsayin da mutum wajen 5,000 ke sauka a wannan 'yar gaɓa a rana guda, cikin jiragen ruwa kimanin 200, ƙugiyoyin jiragen suna farfasa murjanin da ke ƙarƙashin ruwa. A watan Yuni na 2018 hukuma ta rufe wurin, ba a sake buɗe shi ba sai Janairun 2022, kuma da sharaɗin ba a iyo a ciki. Da mutane suka janye, kifayen da suka ƙaurace wa wurin suka dawo. Wace shaida kuma ake nema bayan wannan?

Haka aka yi a Borakai ta ƙasar Filifin, tsibirin da faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 10 ne kawai. Masu goyon jaka ne suka fara yayata shi tun ba wutar lantarki a cikinsa. A 2017 baƙi wajen miliyan 2 suka ziyarce shi, gidajen kwana suna sakin ƙazanta kai tsaye cikin teku, har shugaban ƙasar na lokacin, Rodrigo Duterte, ya kwatanta tsibirin da shadda, ya rufe shi wata shida daga Afrilun 2018. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin 'yan ƙabilar Ati, waɗanda su ne asalin mazauna wurin. A tsibirin kakanninsu, da ƙyar suka samu takardar mallakar fili kimanin hekta 2 a 2011, kuma a 2013 aka bindige matashin da ke magana da yawunsu, Dexter Condez. A cikin dubban hotunan Borakai da ke yawo a wayoyinmu, wa ya taɓa cin karo da fuskar Ba'ati ko ɗaya?

Kada a ce na tafi nesa, mu dawo nahiyarmu. Zanzibar tsibiri ne na Musulmi, kusan dukkansu. A ƙauyukan bakin teku irin su Nungwi da Faje, masaukan baƙi sun jeru kamar rumfunan kasuwa. A 2012 wata ƙungiya ta Ingila mai suna Tourism Concern ta fitar da rahoto cewa baƙo ɗaya a irin waɗannan ƙauyuka yana amfani da ruwan daɗi ninki 16 na abin da ɗan gari ke samu a rana. Tsibiri kuwa ruwan daɗinsa ƙayyadadde ne, in an zuƙe rijiya fiye da kima sai ruwan gishiri ya kutso. Matar da ke noman ciyawar teku a Faje ita za ta ɗauki bokiti ta bi layin ruwa, shi kuwa baƙo ya yi wanka sau uku don ya wanke rairayi. Ga kuma shigar banza. Sai da ta kai a 2021 hukumar Zanzibar ta sa tara a kan baƙin da ke ratsa gari da kayan wanka. Ashe matafiyi mai neman ilmi sai an ci shi tara kafin ya gane cewa akwai masallaci a unguwar da yake takawa?

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai wannan ɓarna ta manyan otal ce da 'yan jari hujja, shi ɗan goyon jaka me ya ci me ya sha? To, mu da muka karanta tarihin fatauci mun san cewa ayari yana da madugu, yana kuma da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya. Mai goyon jaka shi ne jagaban ayarin jari hujja. Shi ke gano wurin, ya ɗauki hoto, ya sa wa duniya. Masunci ya ga an fi samun kuɗi a haya, ya kafa bukkoki biyu. Bayan shekara biyar wani attajiri daga babban birni ko daga ƙasar waje ya saye gaɓar baki ɗaya, ɗan masuncin ya koma mai share ɗaki a filin ubansa. Shi kuwa jagaba sai ya taɓe baki ya ce wurin ya lalace, ya goyi jakarsa ya nemi wani tsibirin da zai yi wa irin wannan alheri. Hausawa sun gama magana da suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Rana na fitowa raɓa ta bushe, kaba ce ke zama ta sha zafin.

Sai batun tawali'un nan da ake yabo. Ni a wurina talaucin aro ne. Yaron da ke tafiya da silifa da wando yagagge, yana jayayya da tsohuwa mai sayar da kwakwa a kan abin da bai kai kuɗin shayi a garinsu ba, yana da katin banki a aljihu, da inshorar asibiti, da tikitin komawa gida, da ofishin jakadanci da zai tsaya masa in ya shiga rigima. Wasu ma har sukan zauna a bakin titi suna bara don a tara musu kuɗin ci gaba da yawo, abin da ya sa a 2019 jami'an shige da fice na tsibirin Bali suka ce duk wanda suka kama za su miƙa shi ga ofishin jakadancin ƙasarsu. Haba jama'a! Mutum ya bar ƙasa mai arziki ya zo yana miƙa hannu ga mai tura baro, don ya je ya sha iska?

Babban abin da ke cikin jakar nan shi ne fasfo. A farkon 2024 mai fasfon Jamus yana iya shiga wurare 194 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba, mai fasfon Nijeriya kuwa bai kai 50 ba. Ɗan Nijeriya da ke son shiga Turai zai biya Yuro 90 kuɗin neman biza, kuma a shekarar 2024 kusan rabin waɗanda suka nema an hana su, ba a mayar musu da ko sisi ba. Dubi tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, waɗanda ke daura da gaɓar Afirka ta yamma. A 2024 mutum fiye da 46,000 suka isa can cikin kwalekwale daga Senegal da Muritaniya da maƙwabtansu, ban da waɗanda teku ta cinye a hanya. Saurayi biyu ke nan, sa'o'in juna, kowa da jaka a baya, sun taka rairayi guda. Ɗaya ana ce masa mai yawon buɗe ido a miƙa masa lemo, ɗaya ana ce masa baƙon haure a lulluɓa masa bargo a kai shi sansani. Duk ɗalibin da ke kallon hotunan nan yana haɗiyar miyau, ya fara tambayar kansa a wane layi za a sa shi.

To ilmin fa, ina yake? A masaukin bakin teku Bature yana kwana da Bature, ya ci abincin da ya saba, ya yi hira da Turanci, ɗan garin da ya sani shi ne mai kawo abinci da mai tuƙa kwalekwale. A tsibirin Fangan na Tailan abin da ke tara dubbansu duk wata shi ne rawar daren farin wata, ana shan giya a bokiti har gari ya waye. Wanda ya zaga tsibiri goma a haka ya dawo da hotuna dubu, amma bai iya gaisuwa da harshe ko ɗaya ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kakanninmu ma sun yi tafiya, kuma tafi nisa da wuya. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, har Salaga da Kumasi, in sun isa gari sai su sauka a zango a hannun mai masauki. Shi zai ajiye musu kaya, ya yi musu dillanci, ya nuna musu abin da garin ke so da abin da ya ƙi, in sun yi laifi shi za a tambaya. Baƙo yana ƙarƙashin dokar gari ke nan. Alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan sukan yi shekaru a hanya suna noma suna ƙodago, suna koyon Larabci daga bakin masu shi. Ban ce fataken nan waliyyai ba ne, domin akwai bayi cikin hajar wasunsu, kuma wannan tabo ne da ba ya goguwa. Amma sun san ladabin baƙunta, shi ya sa har yau akwai zanguna a Gana ana Hausa a cikinsu, an yi auratayya an zama ɗaya.

Gaskiya guda zan ba abokan jayayyata, domin ba na son a ce na yi rowar adalci. Kuɗin mai goyon jaka ya fi na mai otal saurin isa hannun talaka, tunda a rumfar gefen hanya yake cin abinci, kuma akwai gidaje da yawa da wannan ciniki ke ciyarwa. Amma a duba abin da ya faru a 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da jiragen sama. Tattalin arzikin Bali ya faɗi da fiye da kashi 9 cikin ɗari a shekara guda, ma'aikatan masaukai suka koma ƙauye neman gonar da wasunsu sun riga sun sayar. Arzikin da ke rataye a kan nishaɗin wani, ranar da ya ƙi zuwa tukunya ba ta hawa wuta.

Saboda haka ba cewa nake yi a zauna a gida ba. Ku fita, 'yan'uwa, Allah ya yi duniya da faɗi, kuma gani ya kori ji. In Allah ya hore wa ɗayanmu zuwa Zanzibar, ya koyi Sawahili ko da na gaisuwa da ciniki ne kafin ya tashi, ya sauka a hannun ɗan gari, ya tambayi inda ruwan da yake wanka da shi ya fito. Ya je ya tsaya a inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, ya yi tunani, ya biya mai kwakwa kuɗinta ba tare da ja-in-ja ba, sa'an nan ya dawo ya rubuta mana abin da ya koya a wannan mujalla. Wanda ya yi haka shi ya cancanci a ce tafiyarsa mabuɗin ilmi ce. Wancan kuwa Hausa tana da sunansa tun kafin a ƙera jirgin sama, yawon dandi ake ce masa, ko da an yi shi a kan farin rairayi.

Duk wanda bai gamsu ba, ga fili ga mai doki, ina jiran martaninsa a fitowa ta gaba.