Kayan Araha Sun Sake Shigowa Kano, Wannan Karon Ta Waya



Da yawa cikinmu aikin kamfani ne ya kawo iyayenmu Kano. Sun baro Kudancin Kaduna, Filato, Binuwai, suka kama ɗaki a Sabon Gari ko Brigade, da asuba su nufi Bompai, Sharada ko Challawa. Masaƙu, robobi, man gyaɗa, jimar fata, da su aka biya kuɗin makarantarmu. Yau ku zaga ku gani: masaƙu da dama an kulle, wasu sun koma sito. Ma'aikatan ba su yi lalaci ba. Wuta ce ta ƙi tsayawa, man janareta ya yi tsada, atamfar ƙasar Sin ta cika Kantin Kwari a farashin da ba mai saƙa a Kano da zai iya sayarwa a kai.

Na tuno da wannan ne saboda wani kayan arahar ya shigo, kuma sana'ar da yawancinku kuka sa wa rai ya nufa. Ranar 30 ga Nuwamba 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT, manhajar da za ka rubuta mata tambaya ta amsa maka kamar mutum. Cikin waɗanda suka fara rububinta akwai masu rubuta manhajar kwamfuta da masu rubuta labarai. Ba a cika mako guda ba, dandalin Stack Overflow, inda masu wannan sana'a ke taimakon juna, ya hana saka amsoshinta, don sun yi kama da daidai alhali da yawa kuskure ne. A Fabrairun 2023 mujallar Clarkesworld ta dakatar da karɓar gajerun labarai, saboda ɗaruruwan da na'ura ta rubuta sun yi mata ambaliya. A 2024 kuwa Meta AI ta shigo WhatsApp a Najeriya, abin ya zo har aljihun kowa.

Na'urar ta haɗiye rubutu mai tarin yawa, tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Shi ya sa bakinta ke da daɗi ko a lokacin da take ƙarya. Wasu lauyoyi a New York sun ɗanɗana kuɗarsu a 2023: sun kai wa kotu hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙirƙira, alƙali ya ci su tarar dala 5,000.

Ina jin wasu dattawa suna cewa a hana yara taɓa ta. Ban yarda ba. Wanda ya ƙi koyon sabon inji ba ya hana injin shigowa gari. Amma na fi jin tsoron maganar da nake ji a bakin matasa, cewa tunda tana yi, me zai sa a wahala a koya?

A ce wani kamfanin robobi a Sharada ya ba ka aikin 'yar manhajar lissafin albashin leburori. Cikin minti biyu na'ura za ta rubuta maka, ta yi kyau a ido. Sai dai ba ta san an ɗauke wuta ƙarfe biyun dare an sallami mutane ba, ba ta san yadda aka yi yarjejeniyar biyan ƙarin lokaci ba. Idan ba ka iya karanta abin da ta rubuta layi bayan layi ba, ƙarshen wata wani magidanci zai koma gida da albashi guntu, kuma kai za a nema. Duk wanda ke da waya zai iya kwafowa ya liƙa, don haka farashin kwafowa ya faɗi warwas, kamar atamfar nan. Masu shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 su lura da wannan da kyau.

Ku je majema a Challawa ku ga abin da har yanzu ake biyan kuɗi a kansa. Inji ne ke juya fata cikin magani, amma mutum ne ke ɗaga ta ya shafa, ya ce wannan ta jan akuyar Sakkwato ce mai lamba ɗaya, waccan wuƙa ta ji mata rauni tun wurin fiɗa. Shekaru ya yi yana taɓa fata kafin hannunsa ya san haka. Inda nake da damuwa ke nan: ƙananan ayyukan da mai koyo ke gogewa da su, su ne na'urar ta fi iyawa, ga shi kuma da su ne ido ke buɗewa.

Ga marubutanmu lamarin ya fi fitowa fili. Rubutun Hausa a intanet kaɗan ne idan aka gwada da na Turanci, saboda haka Hausar na'urar takan fito kamar fassara. Ce mata ta rubuta wasan kwaikwayo a kan uban da aka sallama daga masaƙa, za ta ba ka mutane masu magana tsaf-tsaf, babu wanda ya yi shiru, babu uwar da ke ƙara ruwa a miya tana cewa ita ta ƙoshi. Ku kuwa a gidajen nan kuka girma.

Shawarata ga 'yan wasan kwaikwayo na zumunta: ku zauna da wani dattijon da ya yi aiki a Bompai, ku rubuta da hannunku tukuna, sannan in kuna so ku ba ta ta duba tsari. Masu koyon manhaja kuma, ku fara gwada warware matsalar da kanku kafin ku tambaye ta, kuma kada ku miƙa wa mai aiki layin da ba za ku iya yi masa bayaninsa ba idan ya kira ku cikin dare.