Horon Harbi Ga 'Yan Sanda: Mu Ƙera A Kaduna Ko Mu Sayo?

Da wuya a sami wani gari a ƙasar nan da ya kai Kaduna tara cibiyoyin masu ɗamara. A arewacin kogi akwai Kwalejin 'Yan Sanda da hedikwatar Runduna ta 1 ta sojan ƙasa da Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA wadda aka kafa a 1964. Da ka tsallake gada zuwa Kakuri kuma ga masana'antar ƙera makamai ta DICON, ita ma haifaffiyar 1964. To amma duk da wannan arziki, mai karatu zai yarda da ni cewa idan ɗan sanda ya ɗaga bindiga a tashar Kawo ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wanda ake nema da wanda ya zo cefane tare suke neman mafaka, domin babu mai tabbacin inda harsashin zai sauka.

Sau da yawa akan fito a ce wai bindiga ce ta tashi bisa kuskure. A nawa ganin, bindiga ba ta tashi sai yatsa ya taɓa kunama, kuma yatsan da bai saba ba shi ne ke taɓa ta ba lokacinta ba. Harbi sana'ar hannu ce kamar tuƙi ko ɗinki, maimaici ne ke zaunar da ita. Maimaici kuwa harsashi yake ci, harsashi kuma kuɗi ne. A nan ne batun ƙaramar bindigar horo mai cin harsashin .22 ya shigo.

Wannan harsashi ya fito ne a Amurka a 1887. Kaurinsa kimanin milimita 5.6 ne, nauyin dalmarsa bai kai giram 3 ba, alhali na milimita 9 da ake aiki da shi a fistol yana kusan giram 8. Sinadarin da ke tayar da albarushinsa a gefen gindin kwanson yake, ba a tsakiya ba, abin da ya sa ƙera shi da yawa bai da tsada. Ƙararsa kaɗan ce, naushin da yake yi wa hannu ma kaɗan ne. Saboda haka kurtu zai mai da hankali ga riƙo da saiti da jan kunama, maimakon ya runtse ido yana jiran tsawa. Hasali ma da kuɗin da za a yi harbi ɗaya na aiki, ana iya yin harbin gwaji da dama.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Tun a 1931 kamfanin Colt ya fitar da samfurin Ace mai cin .22 a siffar fistol ɗin sojan Amurka, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ƙasar sun koyi harbi da ƙananan bindigogin .22. A ƙarshen 2019 kamfanin Glock na Ostiriya ya fitar da Glock 44, wadda girmanta ɗaya ne da Glock 19, ta yadda hannun da ya saba da wannan ba zai yi baƙunta a waccan ba. Ko a gasar Olamfik, harbin fistol na mita 25 da wannan harsashi ake yin sa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina kira ba ne ga jama'a su mallaki fistol, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sanya ta cikin makaman da ba a riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Maganata a kan hukumomi ce. Haka kuma ban ce horo zai warkar da mugun nufi ba. Kisan mutane 6 da aka yi a Apo ta Abuja a 2005 ba rashin iya saiti ba ne, shi ya sa maganinsa ya kasance kotu. Amma tsakanin mai ganganci da gwani akwai dubban jami'ai masu kyakkyawar niyya waɗanda hannunsu ne kawai bai faɗa ba. An sabunta Umarnin Runduna mai lamba 237 kan amfani da ƙarfi a 2019, sai dai takarda ba ta koya wa yatsa natsuwa.

Masu suka za su ce ai mafi yawan 'yan sandanmu AK-47 suke saɓawa, ba fistol ba. Gaskiya ne, amma wannan ma abin dubawa ne, domin harsashin bindigar yaƙi yana keta ƙofar mota ya wuce, kuma bai dace da cunkoson titin Ahmadu Bello ba. Bugu da ƙari, ladubban riƙon makami iri ɗaya ne. Za su kuma ce .22 yakan ƙi tashi fiye da harsashin aiki, kuma bai koyar da jure naushi. Wannan ma haka ne, don haka da shi za a fara, a kammala jarrabawa da bindigar da jami'i zai fita da ita titi.

To, a ƙera ko a sayo? Ra'ayina shi ne a raba batun biyu. Bindigar kanta a sayo ta, a zaɓi wadda ta yi daidai da fistol ɗin da rundunar ke rabawa. Yawan da kwaleji ke buƙata bai kai a kafa masa sashen ƙira ba, kuma bindiga ɗaya za ta yaye kurata rukuni bayan rukuni. Harsashi kuwa, shi ne abin da ke ƙarewa kullum, shi ne zai riƙa cin kuɗin waje, saboda haka shi ya kamata DICON ta ɗauka. Masana'antar ta daɗe tana yin harsasai, kuma sabuwar dokarta ta 2023 ta buɗe mata ƙofar haɗa gwiwa da 'yan kasuwa. Mai ƙira yana Kakuri, mai saye yana tsallaken kogi, me ya rage?

Sai dai akwai sharaɗi. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa makaman 'yan sanda 178,459 ba a san inda suke ba ya zuwa ƙarshen 2018, ciki har da AK-47 guda 88,078. Ƙanƙantar .22 ba ta hana shi kisa. Ke nan tilas kowace bindigar horo ta kwana a ma'ajiyar kwaleji, a ƙirga harsasai da safe, a ƙirga kwansuna da yamma.

A ƙarshe, ina kira ga Sufeto-Janar na 'yan sanda da shugabannin DICON da wakilanmu a Majalisar Tarayya da su fara gwada wannan tsari a Kwalejin Kaduna, su kuma wajabta wa kowane jami'i komawa filin harbi duk shekara kafin a sake damƙa masa makami. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakiyar kasuwa ba wurin koyon harbi ba ne.