Wa Ya Zana Hoton Nan?

'Yan'uwa, hoton ba'a na jarida magana ne, kafin ka amsa kuwa sai ka san bakin da ya faɗa. Ran 14 ga Janairu 2015 jaridar Charlie Hebdo ta birnin Faris ta buga zanen Annabi Muhammadu, mako guda bayan harin da ya kashe mutum 12. Ran Jumma'a 16 ga wata aka sa wa majami'u wuta a Damagaram, kashegari a Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga 45. Mutum goma suka rasu.

Zanen cin mutunci ne, ba na kāre shi. Amma wa ya tsaya ya tambayi hannun da ya zana? Masu jaridar nan ba 'yan Ikilisiya ba ne. Sun sha zana Paparoma, har da Yesu Almasihu, a kamannin da kunya ba ta bari in kwatanta. Mu ma zaginmu suke yi! To, ina ruwan Kiristan Damagaram, wanda yake ɗiban ruwa a famfo ɗaya da maƙwabcinsa Musulmi, da alƙalamin wani Bafaranshe da ko sunansa bai taɓa ji ba?