Yawon kiɗan Mdou Moctar a ƙasashen waje: ribarsa da wahalarsa

Ranar 26 ga watan Yuli 2023, sa'ad da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, wasu 'yan Nijar uku suna ƙasar Amurka wajen sana'arsu. Sana'ar nan kuwa kiɗa ce. Shugabansu shi ne Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da sunan Mdou Moctar, gogaggen makaɗin gita mai aiki da lantarki. Tare da shi akwai Ahmoudou Madassane, mai kaɗa gita ta biyu, da Souleymane Ibrahim, mai ganguna. Suna cikin zagaya biranen ƙasar aka rufe iyakokin Nijar. Ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi ranar 30 ga wata, kuma aka rufe sararin samaniyar ƙasarmu daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba. Wasa ya ƙare, hanyar gida ta toshe. Sai da masu son kiɗansu suka yi musu karo-karo ta intanet domin kuɗin masauki da na abinci.

Wani manomi a Baudeta, cikin ƙasar Tasawa, yana iya cewa: ina ruwana da mai gita a Amurka? Amsa ita ce, yawon kiɗa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. In kaka ta yi, mai gurmi da mai goge da mai kalangu sukan ɗauki kayansu su bi kasuwanni da bukukuwa, su komo gida da hatsi da tufafi da 'yan kuɗi. Samarin Baudeta da na Mayahi su ma sukan tafi cin rani Kano ko Yamai ko Agadas. Abin da Mdou Moctar yake yi cin rani ne, sai dai nasa a jirgin sama ake zuwa. Don haka ya kamata mu san yadda wannan sana'a take tafiya, da abin da ƙasa take samu cikinta, da abin da yake neman tare mata hanya.

Asalin wannan kiɗa

Kiɗan da Turawa suke kira rok ya fito ne daga Amurka cikin shekarun 1950. Tushensa kiɗan baƙaƙen fatar ƙasar ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Babban kayan aikinsa gita ce wadda ake haɗawa da na'urar ƙara sauti, ganguna suna raka ta. Cikin manyan gwanayensa akwai Jimi Hendrix, wanda ya rasu a 1970.

A ƙasarmu kuwa, wahala ce ta kawo gita hannun Abzinawa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi, samari da yawa suka tafi Aljeriya da Libiya neman aiki. A can suka koyi kaɗa gita, suka ɗora mata waƙoƙin kewar gida da harshen Tamashek. A Mali ƙungiyar Tinariwen ce ta yi fice, har ta samu kyautar Grammy a 2012. A Nijar, wanda ya share fage shi ne Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020. Zamanin tawaye a ɓoye ake sauraren kasetocinsa. Bayan sulhun 24 ga watan Afrilu 1995 ya komo gida yana kiɗa a fili, ya kuma koya wa yara.

Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, yana cikin yaran da suka ji kiɗan Abdallah suka ƙwallafa rai. Iyayensa ba su so ba. Da hannunsa ya harhaɗa gitarsa ta farko, da katako da wayoyin birkin keke. Shi bahago ne, kamar Hendrix. A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, waɗanda aka tara da sunan Anar, bisa salon na'urorin da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa aiki da su. Ba a sayar da su a kanti ba. Daga wayar salula zuwa wayar salula suka bi duniya, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su. A 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya sa waƙa guda cikin wani faifai, kuma ya bi sawun mai ita har ya same shi. Daga nan ƙofa ta buɗe. Faifansa Ilana ya fito a 2019, Afrique Victime a 2021 a kamfanin Matador na birnin New York, sa'an nan Funeral for Justice a watan Mayu 2024. A watan Afrilu na shekarar ya yi wasa a Coachella, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka.

Ba shi kaɗai ba ne. Bombino na Agadas, wanda aka haifa a 1980, ya riga shi fita. Faifansa Nomad na 2013 a birnin Nashville aka ɗauke shi, kuma da faifansa Deran na 2018 ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin masu takarar kyautar Grammy.

Ina kuɗin suke tafiya?

Mutane da yawa suna zaton duk wanda ya hau dandali a Turai ya zama attajiri. Lissafi bai nuna haka ba. A da, makaɗi yana cin abinci da sayar da faifai ko kaset. Yanzu yawancin masu saurare ta intanet suke ji, kuma abin da kamfanonin nan suke biya kan kowane saurare bai cika kaiwa dala guda ta kuɗinmu ba, wato tamma 5. Ko wannan ɗin ma sai an raba shi da kamfanin faifai. Shi ya sa tilas makaɗi ya ɗauki gitarsa ya bi gari gari. Kuɗin shiga wasa, da riguna da faifan da ake sayarwa a bakin ƙofa, su ne abincinsa.

To, kafin a hau dandali an riga an ci bashi. Daga Agadas zuwa Yamai kusan kilomita 950 ne a mota. Daga nan sai kuɗin jirgi na mutum uku ko huɗu da kayansu. A can kuma akwai hayar mota, da masauki, da ladan mai kula da sauti. Dillalin da yake nemo wuraren wasa bisa al'ada yana ɗaukar kashi 10 cikin 100, mai tafiyar da harkokin makaɗi kuma kashi 15 zuwa 20. Hukumar harajin Amurka tana riƙe kashi 30 cikin 100 na abin da baƙon makaɗi ya samu, sai fa in an yi yarjejeniya da ita tun da wuri. Ranar 1 ga watan Afrilu 2024 kuɗin takardar neman izinin aiki na masu wasa ya tashi daga dalar Amurka 460 zuwa sama da 1000 ga manyan kamfanoni. In wasa biyu ko uku suka rushe saboda rashin lafiya ko jinkirin biza, ribar tafiya duka tana iya salwanta.

Abin da ya saura shi ne yake shigowa gida. Iyali da dangi suna ci, makaɗan da ake tafiya da su suna ci. An san Mdou Moctar da gina rijiyoyi a ƙauyuka da kuɗin da yake samu. Bayan kuɗi kuma akwai suna. A ƙasashe da yawa ba a bambanta Nijar da Najeriya, waɗanda suka san mu kuma labarin fari da na yuraniyom kaɗai suka sani. Makaɗin da ya tsaya gaban dubban mutane da rawaninsa, yana waƙa da harshen uwarsa, jakada ne wanda baitulmali bai biya ba. Amma jakadan nan yana da bakinsa. Cikin waƙoƙinsa ya soki abin da Faransa ta yi wa Afirka, ya koka da halin da talakawa suke ciki, ya kuma gargaɗi 'yan'uwansa kada su bari harshen Tamashek ya mutu. Wanda yake son a yaba masa ƙasa a waje, sai ya haƙura da jin gaskiya daga bakin ɗanta.

Hanyoyin da suke toshewa

Abin da ya faru a 2023 somin taɓi ne. A watan Agusta na shekarar kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai. Faransa ta daina ba da biza a Yamai da Bamako da Wagadugu, kuma a watan Satumba aka umarci gidajen wasan da gwamnatinta take tallafawa su dakatar da hulɗa da masu fasahar ƙasashen nan uku, abin da ya jawo suka mai yawa cikin Faransa kanta. A watan Janairu 2024 ta rufe ofishin jakadancinta. A watan Yuli 2025 ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da ba da biza, sa'an nan a watan Disamba 2025 gwamnatin ƙasar ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta hana 'ya'yansu shiga.

Kowace ƙasa tana da ikon tsara hulɗarta da sauran ƙasashe yadda ta ga dama, tamu da tasu duka. Amma in manya suka yi faɗa, ƙanana suke shan wuya. Makaɗin da ya riga ya yi suna yana da kamfani da lauyoyi, yana iya neman wata hanya. Zaman dolen da su Mdou Moctar suka yi a Amurka ma bai tafi a banza ba: a nan suka sake ɗaukar waƙoƙinsu da gita marar lantarki, faifan ya fito a watan Fabrairu 2025 da sunan Tears of Injustice. Wanda abin ya fi shafa shi ne yaron da bai taɓa fita ba, wanda aka gayyata karo na farko ya rasa inda zai kai fasfo ɗinsa.

Darasin da ke ciki a fili yake. Sana'ar da kasuwarta duka tana hannun wasu, ba ta da tabbas. Manoman jihar Maraɗi sun san wannan tun zamanin gyaɗa, lokacin da ake yanke farashi a Turai su kuwa suna nan suna jira.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a gyara kasuwar gida. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Almeida ya kafa, ta nuna hanya. Kafin faifanta Kaani ya fita waje a 2013, ta yi shekaru tana wasa dare da dare a Yamai, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fillanci. Makaɗanta suna da yawa, har in wasu sun tafi yawo wasu suna nan suna riƙe da gida. Masu jin Hausa miliyoyi ne, daga Damagaram zuwa Kano, daga Kumasi zuwa Sudan. Wannan kasuwa ba ta bukatar bizar Turai.

Na biyu, a biya haƙƙin mai waƙa. Akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, wato BNDA. Makaɗan karkara da yawa ba su san da shi ba. Waƙoƙinsu suna yawo cikin wayoyi da gidajen rediyo, su kuwa ba su ga ko tamma ba. A nan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da aiki. Wanda ya iya karatu da rubutu shi taimaki makaɗin garinsu ya rubuta sunayen waƙoƙinsa, ya kai su rajista. Kuma kada makaɗi ya ɗora yatsa bisa takardar da ba a karanta masa ba, ko da wane ne ya kawo ta.

Na uku, kada a raina kayan kiɗanmu na gado. Abin da ya sa ake sauraren Mdou Moctar a waje shi ne, ya ɗora kiɗan takamba na ƙasarsu bisa gitar zamani. Da kwaikwayon Turawa kawai ya yi, da ba wanda zai biya kuɗi ya gan shi, don suna da irinsa dubu. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya ƙasashe. Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya kai biram na bakin tabkin Cadi har Turai. Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗora kiɗan bori bisa kayan zamani, kuma a 1994 faifansa da Moussa Poussy, mai suna Niamey Twice, ya fito a London. Gangar noma da ake kaɗa wa samari a gonakin Baudeta ba ta gaza waɗannan ba.

Na huɗu, hukumomi su riƙe wuraren da ake gano masu baiwa. Bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, da gasar Ɗan Gurmu, da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, sun fito da makaɗa da yawa. Magadan gari da sarakuna ba sa bukatar miliyoyi kafin su yi nasu. Fili guda, da na'urar ƙara sauti mai aiki da hasken rana, da gasa sau ɗaya a shekara bayan kaka, sun isa a fara. A kuma ɗauki muryoyin tsofaffin makaɗa tun suna da rai, a ajiye a gidajen rediyon karkara.

Iyaye su ma suna da nasu. A ƙasar Hausa an daɗe ana ɗaukar kiɗa sana'ar gado, ana kuma kallon makaɗi a matsayin maroƙi. Wanda ya yi wasa aka biya kuɗin shiga, ya biya haraji, ya ciyar da gidansa, ma'aikaci ne kamar kowa. Yaron da aka gani yana ɗaura waya bisa gwangwani, a sa shi makaranta, a koya masa tarbiyya, amma kada a karya masa gwangwaninsa. Allah shi ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, shi kuma buɗe wa matafiyanmu hanya.